Kafin a cire fankar fanbel a ɗora ta lantarki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da masu motoci da direbobi da 'yan uwanmu masu sana'a kan wani aiki da ya zama yayi a garejoji, wato cire fankar da injin ke juyawa da fanbel a ɗora ta lantarki a madadinta. Masu wannan wasiƙa kanikawa ne da masu wayarin. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, duk abin da aka ce yana rage shan mai sai jama'a su yi caa a kansa, wannan aikin ma da haka ake tallata shi. Yana da amfaninsa, amma ciwo ɗaya yake warkarwa, a wasu motocin kawai. Yadda kuma ake yawan yin sa yanzu, da waya biyu da salatif a ce an "haɗa dairek", ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa.

Motocin da zancen ya shafa su ne waɗanda injinsu ya miƙe daga gaba zuwa baya: Hilux, Land Cruiser, tsofaffin Hiace da Urvan, L200 da L300, tsofaffin Marsandi da BMW, da Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, tare da ƙanwarta 505. Irin su Golf da Corolla da Camry da Sharan injinsu a gicciye yake, fankarsu ta lantarki ce tun daga kamfani.

Kafin a taɓa sufana, a fara gano irin zafin da motar ke yi. Idan allurar zafi tana hawa a goslo ko wajen jiran lodi a tasha, amma da an kama hanya an kai gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa sai ta sauko, to iska ce ta yi ƙaranci, laifin yana wajen fanka ko gidanta, wato robar da ke kewaye da ita a bayan lagireto. Idan kuwa a silo lafiya lau take, sai an miƙe hanya ana gudu take ɗaukar zafi, kada a ɓata kuɗi kan fanka, domin iskar da ke shigowa ta gaba a wannan gudun ta fi wadda fankar lantarki za ta iya jawowa. A nemi laifin a wani wuri. Ko dai bututun lagireto sun toshe da dattin ruwan rijiya da na burtsatse, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun cike saƙarsa, musamman ratar da ke tsakaninsa da kondensar esi inda ido ba ya kaiwa, ko fikafikan famfon ruwa sun cinye, ko tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi, ya maƙale, ko gasket ya fara hurawa. Murfin lagireto ma abin dubawa ne. Wanda aka rubuta wa 0.9 ko 1.1 yana riƙe ruwa kada ya tafasa sai ya kai kusan digiri 120 a ma'aunin Salshiyas. Da robarsa ta mutu, ruwan zai tafasa tun a 100, ya yi ta zuba a hanya.

Ko da an tabbatar iska ce ta gaza, sau da yawa kulocin fanka ne ya mutu, kuma gyaransa ya fi canza tsarin motar sauƙi. Wannan kulocin, wato ƙarfen alminiyom mai tsaga-tsaga da ke tsakiyar fanka, man silikon ne a cikinsa, a goshinsa kuma akwai ɗan sifirin da ke murɗewa idan iska mai zafi daga lagireto ta buge shi. Murɗewar ce ke buɗe wa man hanya, fanka ta kama da ƙarfi. Idan iskar ta huce, sai ya sake ta ta riƙa bin injin a hankali. Gwajinsa ba wuya. A kashe injin a tura fanka da hannu: mai lafiya za a ji tana da ɗan nauyi, ba za ta zagaya ba sai ta tsaya, matacciya kuwa za ta yi ta walwala. Da safe mai lafiya takan yi ruri na ɗan lokaci bayan an tayar da mota sannan ta yi shiru, ta sake yin rurin idan injin ya yi zafi. Baƙin maiƙo da ƙura a kewayen sifirin alama ce man ya tsiyaye. Yawancin na Toyota ana kwance su a zuba sabon man silikon, kamfanin ma yana sayar da shi a ɗan bututu mai mililita 18. Giris ko man giya ba sa wannan aikin, kuma ba a cika shi maƙil, don in ya yi yawa fankar ba za ta sake saki ba. A lura da wani abu da ke ruɗar mutane: idan lagireto ya toshe ko ruwa ya yi ƙasa, iskar da ke isa ga sifirin ba ta da zafi, kuloci ba zai kama ba alhali injin yana ƙuna, sai a ɗora wa fanka laifin da ba nata ba.

Fijo 504 tata hanyar daban ce, maganaɗisun lantarki ne ke kama fankar ta hanyar ɗan kabon da ke gogar bayan fuli. Da kabon ya cinye ko suwicin ya mutu, abin da aka saba shi ne a ɗaure sukurori ukun nan tamau fanka ta zama dindindin. Haka wasu ke yi wa kulocin silikon, su huda shi su sa noti ko su yi masa walda. Zafi yakan sauka, amma mota ta koma ruri kamar jirgi, mai ya ƙaru, boris ɗin famfon ruwa ya gaji da wuri, wani lokacin fiffike ya tsinke ya fasa lagireto. Mota irin wannan ce kaɗai mai ita zai ga bambancin mai sosai idan ya koma lantarki. Wadda kulocinta ke aiki daidai, dama fankarta a sake take tafiya a kan hanya, ribar da za a samu kaɗan ce, kuma wutar da sabuwar fankar za ta sha daga injin za ta fito ta hanyar altaneta, wadda ita ma kusan rabin ƙarfin da take karɓa ne kawai take mayarwa wuta.

Ga lissafin da muke so kowane mai motar kaya ya riƙe. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Fankar lantarki mai kyau da ke jan amfiya 20 a bolt 13.5 tana aiki da wat 270, wato kusan sulusin doki ɗaya. Fankar fanbel idan kulocinta ya kama, injin yana zagaye 2,500 zuwa 3,000 a minti, ƙarfin dawakai da dama take karɓa, kuma iska take mayar da shi. Saboda haka ta lantarki ta fi ta a silo, inda injin ke juyawa a hankali, amma ba ta kama ƙafarta ba a lokacin da injin ke nishi mota kuma ba ta gudu. Hilux mai dizal da ta ɗauko buhuna tana Hawan Kibo a giya ta biyu, ko mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, ko mai ratsa rairayin Yusufari da hanyar Agadas zuwa Dirku a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, wannan motar fankar fanbel take buƙata, mai lafiyayyen kuloci da cikakken gida. Mai irin wannan mota da ke kukan esi ba ya sanyi a goslo, ya bar fankarsa inda take, ya ƙara 'yar fankar lantarki mai inci 10 ko 12 a gaban kondensa. Haka Marsandi ta yi wa motocinta masu esi tun daga kamfani, fankar injin a baya, ta taimako a gaba. Wanda canjin gaba ɗaya zai yi wa rana shi ne mai ƙaramar motar fetur da ke yini a cikin gari, irin mai fama da cunkoson Mararraba zuwa Nyanya safe da yamma, ko wanda aka canza wa injin fankar ba ta ƙara zama daidai da lagireto ba, ko wanda kulocin motarsa ya ɓace a kasuwa.

Wanda ya yanke shawarar yi, aikin daga awo yake farawa. A auna faɗi da tsawon saƙar lagireto ban da tankunansa, sannan a auna ratar da ke tsakanin saƙar da hancin famfon ruwa bayan an cire tsohuwar fanka. Dole a bar aƙalla santimita 2 zuwa 3 tsakanin bayan motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, da fuli, domin injin yana motsi a kan robobinsa duk lokacin da aka taka mai ko birki, in robobin sun mutu kuwa motsin ya fi haka. Idan ratar ta yi kaɗan, fanka biyu ƙanana da za su bar hancin famfon a tsakaninsu sukan shiga inda babba ɗaya ba ta shiga ba.

Sirarun fankokin nan sababbi da ake sayarwa a kwali, masu inci 14 ko 16 da aka rubuta wa wat 80, ba su kai jan amfiya 7 ba, an yi su ne don taimaka wa kondensa. Lambar CFM, ma'aunin yawan iskar da fanka ke ja a minti, da ke jikin kwalin a fili ake auna ta, babu lagireto a gaba, da an jingina su da saƙa mai kauri da kondensa sai ƙarfinsu ya zube. Abin da aka saba nema shi ne CFM 1,250 zuwa sama ga injin silinda huɗu, 2,000 ga mai shida, 2,500 zuwa sama ga mai takwas, mu kuma a zafin ƙasarmu gara a wuce haka. Shawararmu a je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, da awon lagireto a rubuce, a nemi fankar Beljiyam da aka ciro daga wata motar tare da gidanta, wadda girman gidan ya yi kusa da saƙar. A gwada ta da batir a gaban mai kaya, a girgiza fiffiken a ji ko boris ya yi wasa, a shinshina motar fankar a ji ko ta taɓa ƙonewa. A guji ta sababbin motoci mai akwatin kwamfuta a jikinta da siririyar waya ta uku ko ta huɗu, domin wannan ba ta tashi da wuta kawai sai kwamfutar injin ta aiko mata da sigina. A duba kuma ko motar mai batir biyu ce mai bolt 24, kamar Canter da wasu Land Cruiser masu dizal, kada a ɗaura mata ta 12 ta ƙone nan take.

Gidan fanka, robar nan da ke rufe bayan lagireto ta bar wa fiffike ƙofa, shi ne rabin aikin, shi ne kuma abin da aka fi jefarwa. Ɗauki saƙa mai faɗin santimita 60 da tsawon 40, filinta murabba'in santimita 2,400 ke nan. Fanka mai inci 16 ba ta rufe fiye da 1,300 ba, rabi da 'yan kai. In babu gida, ragowar saƙar a goslo zaman banza take yi, fankar kuma tana jawo iska ta gefe, inda ya fi mata sauƙi, kamar maƙerin da ke hura wuta da hujajjen zugazugi. Gida mai kyau yana da zurfin aƙalla santimita 2 daga saƙar don iska ta samu hanyar tahowa daga kusurwoyi, kuma a liƙe gefunansa da soso ko roba. Ƙananan ƙofofin roba da ake gani a jikin gidan kamfani kada a toshe su, su ne ke buɗewa iska ta wuce idan ana gudu, su rufe idan fanka ta tashi. Gidan da aka ƙera da faranti shafe babu waɗannan ƙofofin yakan gyara zafin goslo ya haifar da na babbar hanya.

A ɗora ta a bayan lagireto tana jawo iska zuwa wajen injin. Ta gaba mai turawa tana tare hanyar iska, ƙarfinta bai kai na mai ja ba, sai dai in babu wuri. Juya waya yana juya motar fanka, amma fiffike mai lanƙwasa fuska ɗaya aka yi shi dominta, in ya juya baya ƙara zai yi ba iska. Bayan an haɗa, a sa takarda a gaban lagireto. Ta manne, daidai ne. Ta faɗi, fankar tana faɗa da iskar hanya, kuma irin wannan motar a silo ba za ta nuna komai ba, sai an hau titi.

Wajen kwance tsohuwar, a fara cire kan batir na negetib. A Toyota da Nissan da Mitsubishi noti huɗu ne ke riƙe kuloci, kuma su ɗin ne ke riƙe fulin famfon ruwa. A sassauta su tun fanbel yana ɗaure, a cire fanka, a mayar da notin huɗun a kan fuli. Da yake kaurin kulocin ya tafi, zaren ƙusoshin yakan ƙare kafin noti ya danne fuli, sai a sa wasa ko a canza gajerun ƙusoshi, in ba haka ba fuli zai yi ta kaɗawa har ya yar da bel. Na BMW babban noti ɗaya ne mai lamba 32, zarensa na hagu ne, ta hannun dama ake kwance shi. Fanbel kuwa yana nan daram, shi ke juya famfon ruwa da altaneta. Sabuwar fankar a ɗaure ta da ƙarafuna a jikin firam ɗin lagireto, da roba a tsakani. Igiyoyin robar da ke zuwa cikin kwali, waɗanda ake sokawa ta cikin saƙa, ba na hanyoyinmu ba ne. Nauyin fanka da gargada za su sa su goge bututu har ya huje.

Sai suwicin zafi, wanda shi ne ke sa fanka ta san lokacin tashi. Tamostat na yawancin waɗannan motocin yana fara buɗewa a digiri 82, wasu 88, lambar tana jikinsa. Idan a tiyon sama za a sa suwici, inda ruwa ke fitowa daga injin, a nemi wanda ke kunnawa da kusan digiri 10 sama da tamostat, kuma ya kashe a lambar da ita ma ta ɗara ta tamostat. Ga mai 82, suwici mai 92 da 87 ya yi. In aka sa mai kashewa a 80, fankar ba za ta taɓa hutawa ba, domin tamostat ba zai bar ruwan ya sauka can ba. Idan a tankin da ruwa ke fita daga lagireto ne, ruwan ya riga ya huce, sai a sa mai lamba ƙasa da haka. Yawancin suwicin motocin Turai zarensu M22 ne, mai gyaran lagireto yana iya dasa mazauninsa a tankin tagulla, mai tankin roba kuma a yanka tiyo a sa guntun bututun alminiyom mai mazaunin. Suwici mai ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun at, wato haɗin negetib da bodin mota, to in yana zaune tsakanin roba da roba sai an jawo masa wayar at daga bodi, kuma kada a naɗe zarensa da farin tef. Irin wanda ake cusa tsinkensa tsakanin saƙa ba abin dogaro ba ne, yana zamewa, kuma zafin iska yake ji fiye da na ruwa. Akwai tarko a suwicin tsofaffin Corolla da Camry: a rufe yake idan ruwa da sanyi, zafi ne ke buɗe shi. Wanda ya haɗa shi da rile, wato ɗan akwatin da ƙaramar wuta ke sa ya kunna babba, yadda aka saba zai ga fanka tana gudu da safe, ta tsaya cak lokacin da injin ya yi zafi. Mai son amfani da shi sai ya samu rile mai ƙafa biyar ya ɗauki wutar fanka daga ƙafa 87a, wutar da ke shiga rilen kuma ta biyo ta wani rile da makulli ke kunnawa, in ba haka ba fanka za ta yi ta gudu mota tana kashe.

Wayarin ɗin kansa ba shi da yawa. Rile mai amfiya 40, ƙafa 30 ta tafi kan batir na fozitib ta cikin fiyus da aka dasa bai wuce santimita 20 zuwa 30 daga batir ba. Ƙafa 87 ta tafi fanka. Ɗaya wayar fankar ta sauka a bodi, wurin da aka kankare fenti, da kauri daidai da na wayar wuta. Ƙafa 86 ta ɗauko wuta daga layin da makulli ke kunnawa, ta ɗan fiyus mai amfiya 5, in an samu layin da ke ɗaukewa lokacin da ake tayar da mota ya fi. Ƙafa 85 ta bi ta suwicin zafi zuwa bodi. Da haka suwici da makulli ba sa ɗaukar fiye da 'yar wutar kwayil ɗin rile, wadda ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Kaurin waya: mai milimita 2.5 har zuwa amfiya 20, mai 4 zuwa 30, mai 6 zuwa 40. Fanka tana fizgar ninki biyu zuwa uku na wutarta a daƙiƙar da take tashi, shi ya sa mai jan 20 ake ba ta fiyus 30 da waya mai 4. Fiyus waya yake karewa, saboda haka in yana yawan ƙonewa a nemi dalili, kada a ƙara masa lamba ko a naɗa masa silin waya. A kankare bakin wayar kafin a saya, akwai ta alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla, cikinta fari, tana zafi tana karyewa. Fanka biyu, rile biyu da fiyus biyu, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta kai mota gida. Mai wayarin da ya ƙware yana iya yin tsarin Fijo 405 da 406, rile uku, fankokin su raba wuta su yi gudu a hankali a zafin farko, su karɓi cikakkiya a na biyu.

Esi yana buƙatar iska a kan kondensa ko da ruwan injin bai yi zafi ba. Da, fankar fanbel ce ke ba shi. Yanzu sai a ƙara ƙaramin rile da wayar kulocin kwamfureso za ta kunna, shi kuma ya sauke ƙafa 85 ta babban rile zuwa bodi. In an manta da wannan, gas zai hau, sanyi ya ɗauke a goslo, kwamfureso ya gaji, wani lokacin tiyon gas ya fashe.

Duk wannan wutar daga altaneta za ta fito, kuma nan ne aikin ke yawan rushewa bayan mako biyu. Fitilun gaba suna cin kusan amfiya 10, fankar esi ta cikin mota 12 zuwa 15, kulocin kwamfureso 3 zuwa 4, famfon mai da filogi da ƙananan fitilu kusan 10. An kai 35 zuwa 40 ke nan kafin a sa sabuwar fanka mai 20. Tsofaffin motocin nan da yawa altanetarsu ba ta wuce amfiya 45 zuwa 70 ba, kuma wannan lambar sai injin yana gudu, a silo kusan rabi take bayarwa. Ma'ana, a goslon dare, daidai lokacin da aka sa fankar dominsa, batir ne ke ciko. Wuta na raguwa fanka na rage gudu, zafi na hawa, gobe da safe kuma a nemi masu turi. A kunna komai a silo a sa mita a kan batir. In ta kasa riƙe bolt 13, a canza altaneta zuwa mai 80 ko 90 tare da ƙara kaurin wayarta, ko a haƙura da aikin. Tsakanin batir da bakin fanka kuma kada asarar ta wuce rabin bolt.

Yanzu ga "dairek". Ana jawo waya daga bayan makulli ko daga kwayil kai tsaye zuwa fanka, babu rile babu fiyus, yawanci kuma a haɗa da cire tamostat a ce ai na ƙasar sanyi ne. Makulli ba a yi shi don amfiya 20 ba, cikinsa yake narkewa, wayar da babu fiyus kuma in ta goge a jikin ƙarfe gobara ce. Akwai motar da za a kashe ta ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙu, saboda fankar da ke kan juyawa ta zama janareto tana mayar da wuta layin filogi. Motar fankar da aka yi don ta yi minti ɗaya ta huta, an sa ta aikin yini, kabon ɗinta zai cinye da wuri, ranar da za ta tsaya kuma babu sanarwa. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki, kwamfuta tana ɗaukarsa a mai sanyi ta yi ta ƙara masa fetur, man ya wanke silinda ya gangara cikin baƙin mai, ga shi dama don rage shan mai aka fara aikin. Waɗanda suka mayar da motarsu mai gas na CNG abin ya fi shafarsu, domin na'urar rage ƙarfin gas da ruwan injin mai zafi take ɗumama, in ruwan bai yi zafi ba motar za ta daɗe a kan fetur kafin ta juya. Tamostat mai faranti biyu kuma, na ƙasan shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa injin ba tare da ya bi lagireto ba. A cire shi, wani kason ruwan ya riƙa zagaye a cikin injin, motar da aka cire wa don ta huce ta ƙara zafi a kan hanya.

Suwicin hannu a dashbod yana da kyau idan ƙari ne a kan na zafi, direba ya iya tayar da fanka kafin ya shiga cunkoso. In shi kaɗai ne, ranar da aka ba wani aron mota ko hankali ya tafi wani wuri, gasket ya tafi. A haɗa da 'yar fitila daga ƙafa 87 da za ta nuna wuta ta tafi fanka. Masu ratsa ruwa da damina sukan so suwicin kashewa don kada fiffike ya daki ruwa ya karye, to a sa masa ƙararrawa mai ƙara muddin yana kashe.

Bayan an gama, a cika ruwa da ruwan lagireto na gaske gauraye da tataccen ruwa irin na batir, a buɗe hita, a bar injin a silo murfi a buɗe har tamostat ya buɗe kumfa ta daina fitowa, sannan a rufe. Iskar da ta maƙale a kusa da suwici tana hana shi jin zafi. A jira fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta aƙalla sau uku. Mai kyau takan yi ƙasa da minti biyu ta huta, wadda ta tashi ta ƙi tsayawa a silo babu esi, ko ta yi wa motar kaɗan ko lambar suwicin ba daidai ba ce. Sannan a kunna esi da fitilu a bar ta minti 20 a rana, a taɓa fiyus da rile da mahaɗan waya, duk wanda ya yi zafin da hannu ba zai jure ba a sake shi. Daga nan a fita babbar hanya da kaya irin wanda motar ta saba ɗauka. A gargaɗi yaran gareji da mai mota cewa wannan fankar tana tashi ba sallama, kada a sa hannu ko tsumma kusa da ita makulli yana kunne.

Direba ya ajiye rile ɗaya da fiyus biyu da guntuwar waya a mota. Idan allura ta hau fanka ba ta tashi ba, ya tsaya ya zare filogin suwicin zafi ya haɗa wayoyinsa biyu, in mai ƙafa ɗaya ne ya taɓa wayar a bodi. Ta tashi, suwici ne ya mutu, ya bar ta a haɗe har gareji. Ba ta tashi ba, ya duba fiyus, sannan ya zare rile ya haɗa ramin 30 da 87. In duk ba ta motsa ba motar fankar ce, sai ya kashe esi, ya buɗe hita zuwa ƙarshe da gilasai a sauke, ya jira injin ya huce kafin ya taɓa murfin lagireto. Tsohuwar fankar da kulocinta da notinta kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan, a ajiye su a gida.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu kanikawa da masu wayarin mota,
Kano.